Ina ganyen da kogi ya tafi da shi yake ƙarewa? Labarin koguna da kabon ɗin duniya

Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin ga waɗanda data ba ta ishe su sauke sautin ba, da kuma waɗanda suka fi son su karanta a tsanake.

Yau kogi za mu bi. Duk lokacin da aka taɓo maganar sauyin yanayi, hoton da ke faɗo wa mutum a rai shi ne hayaƙin masana'antu, ko salansar mota, ko dajin da ake sarewa. Da wuya ka ji an ambaci kogi. Alhali kowace shekara koguna da rafuka da tafkuna suna karɓar biliyoyin tan na kabon daga doron ƙasa. To ina yake zuwa? Amsar tana da muhimmanci, domin duk lissafin da ake yi na yawan kabon ɗin da dazuzzuka ke ɓoye mana, idan aka bar kogi a waje, lissafin ba zai fita daidai ba.

Mu fara daga tushe

Kabon wani sinadari ne da ke jikin duk abin da ke da rai. Gawayin da ake gasa masara da shi, mafi yawansa kabon ne. Idan ka busar da itace ƙarau, kusan rabin nauyinsa kabon ne. Ni da ku ma haka.

Daga ina bishiya ke samo shi? Daga iska. Ganye yana zuƙar iskar kabon dayoksaid, ya yi amfani da hasken rana ya gina jikinsa da ita, ya saki iskar oksijin. Idan ganyen ya faɗi ya ruɓe, ko aka ƙona shi, ko akuya ta cinye shi ta yi numfashi, kabon ɗin ya koma iska. Wannan kai-komo tsakanin iska da tsirrai da ƙasa da teku shi ake kira zagayen kabon. Shi kuma kabon ɗin da ya taɓa shiga jikin abu mai rai, wato ganye, saiwa, kashin dabbobi, ruɓaɓɓen abin da ke sa ƙasar gona ta yi baƙi, shi za mu riƙa kira kabon na halittu a cikin wannan shiri.

Ku riƙe wannan ma: duk alƙaluman da za ku ji, nauyin kabon ne zalla. Tan ɗaya na kabon idan ya haɗu da oksijin yana ba da kusan tan 3.7 na iskar kabon dayoksaid. Ga ma'aunin da za mu riƙa gwadawa da shi: man fetur da gas da kwal da duniya ke ƙonawa suna fitar da kabon kusan tan biliyan 10 a shekara.

Shayi da kunu

Kogi yana ɗaukar kabon na halittu ta siga biyu. Hanya mafi sauƙi ta gane su ita ce ka tuna shayi da kunu.

Idan ka jiƙa ganyen shayi, ruwan zai yi launi, amma ko ka tace shi launin ba ya fita, saboda abin ya narke a ciki. Haka ruwan sama yake yi idan ya ratsa tulin ganye da ƙasar daji: ya jiƙo su, ya gangaro da ruwan shayin zuwa rafi. Wannan shi ne narkakken kabon.

Kunu kuwa, idan ka ajiye shi za ka ga garin ya kwanta a ƙasan kwano. Wannan shi ne ɓarɓashin kabon: guntattakin ganye da saiwa da ƙasar gona da ruwa ya kwaso, yawancinsu a manne da laka. Masana ma da matata suke raba su. Su zuba ruwan kogi a matata mai ƙananan huji ƙwarai, abin da ya wuce narkakke ne, abin da ya maƙale ɓarɓashi ne.

Akwai wurin da za ka ga shayin da kunun suna tafiya kafaɗa da kafaɗa. Kusa da birnin Manaus a Brazil, Kogin Negro yana haɗuwa da Kogin Solimoes, wanda shi ne sunan babban Kogin Amazon a wannan yanki. Negro baƙi ne wuluk, sunan ma a harshen Fotugal yana nufin baƙi. Solimoes kuma launin ƙasa-ƙasa gare shi, kamar shayin da aka cika wa madara. Sai su yi tafiyar kusan kilomita 6 a gado ɗaya ba su cakuɗu ba, saboda sun bambanta a ɗumi da gudu da nauyi.

Bahaushe ya ce ruwa ba ya tsami banza. Negro yana fitowa ne daga dajin da ƙasarsa rairayi ce, ba ta da yumɓun da zai riƙe ruwan ganyen, shi ya sa duk ya zube cikin kogi ya rine shi. Solimoes kuma daga tsaunukan Andes yake kwaso laka. Launin kogi kenan yana ba ka labarin ƙasar da ya ratso.

Har gawayi ma yana wannan tafiya. Wani bincike da aka buga a mujallar Science a 2013 ya nuna cewa kusan kashi 10 cikin 100 na narkakken kabon da koguna ke kai wa teku, asalinsa gawayi ne na gobarar daji, wanda ya jima a ƙasa yana narkewa kaɗan-kaɗan.

Kogi yana ci, yana numfashi

Shekaru da dama, a zanen zagayen kabon da ake koyarwa, kogi kibiya ce kawai daga ƙasa zuwa teku. Ana ɗaukarsa kamar bututun famfo, abin da ka zuba a nan shi zai fito a can.

A 2007 wani masanin tafkuna ɗan Amurka, Jonathan Cole, shi da abokan aikinsa suka tattara alƙaluman da ake da su, suka ce wannan hoto ba daidai ba ne. Ƙiyasinsu ya nuna ruwayen cikin ƙasa suna karɓar kabon kusan tan biliyan 1.9 a shekara. Daga ciki, kusan biliyan 0.2 na kwantawa a ƙasan tafkuna da madatsun ruwa, aƙalla biliyan 0.8 na komawa iska tun a hanya, biliyan 0.9 ne kawai ke isa teku. Shi ma wanda ya isa tekun, kusan rabinsa ne na halittu, ɗaya rabin daga narkewar duwatsu yake, irin dutsen da ake yin siminti da shi. Kun ga an yi lodi a tasha, amma rabin kayan bai kai kasuwa ba.

Wa ya cinye? Ƙananan halittun da ido ba ya gani, musamman bakteriya. A wurinsu wannan ruwan shayi abinci ne. Suna ci, suna numfashi, suna fitar da kabon dayoksaid kamar yadda muke yi. Hasken rana ma yana taimaka musu, yana farfasa narkakken kabon ɗin ya zama mai sauƙin ci. Ga kuma iskar da ruwan ƙarƙashin ƙasa ke shigowa da ita daga numfashin saiwoyi. Sai ruwan kogi ya cika da kabon dayoksaid fiye da iskar da ke samansa, ta riƙa fita kamar lemon kwalba da aka buɗe, sai dai a hankali, ba tare da kumfa ba. Inda ruwa ke bugun duwatsu yana tsalle, nan ta fi fita.

Amazon ne ya fara buɗe wa mutane ido. A 2002, Jeffrey Richey na Jami'ar Washington da tawagarsa suka ƙiyasta cewa koguna da dausayoyin yankin Amazon suna fitar da kabon kusan rabin tan biliyan zuwa iska duk shekara. Wannan ya ninka kabon na halittun da kogin ke kai wa teku kusan sau goma. A 2005 kuma Emilio Mayorga ya nuna cewa yawancin abin da ake cinyewa a can sabo ne, bai wuce shekara biyar da barin iska ba. Wato daji ya zuƙa, kogi ya mayar, cikin ɗan lokaci.

Da aka ƙara aune-aune, adadin sai ya ƙara hawa. A 2013, Peter Raymond na Jami'ar Yale ya ƙiyasta cewa koguna da rafukan duniya kaɗai suna fitar da kusan tan biliyan 1.8 a shekara, tafkuna da madatsun ruwa kuma kusan biliyan 0.3. A kula fa, wannan ba ƙazanta ba ce irin ta hayaƙin mota. Numfashi ne na ɗabi'a da ya daɗe yana gudana. Abin da ya nuna shi ne kabon ɗin da ke zurarewa daga ƙasa ya fi yadda ake zato yawa.

Zango a hanya

Kayan kogi ba ya tafiya kai tsaye. Yana yada zango. Idan kogi ya cika ya tumbatsa ya shiga fadama, gudunsa ya ragu, sai laka ta kwanta. Tana iya zama a nan shekara ɗaya, tana iya yin ɗaruruwan shekaru, kafin kogin ya sake cin gaɓarsa ya kwashe ta. Shi ya sa ƙasar fadama take da baƙi da albarka: takin da aka kwaso daga tudu ne aka sauke mata.

Kogin Kwara, wanda a Nijar ake kira Isa, misali ne mai kyau. A Yamai cikowa biyu yake yi a shekara. Ta farko wajen Agusta da Satumba, lokacin da ruwan saman yankin ke wanko jar ƙasa, kogin ya yi jawur. Ta biyu kuma wajen Disamba da Janairu, cikin sanyi, bayan damina ta daɗe da wucewa. Ruwan wannan ta biyun daga tsaunukan Gini ya taso, amma ya shiga babban dausayin nan na tsakiyar Mali, ya bazu, ya yi watanni yana rarrafe, ya sauke lakarsa. Ko da ya iso Yamai ya fi na farko tsarki nesa ba kusa ba. Masana ruwa suna yi wa ta farko laƙabi da jar ambaliya, ta biyu kuma baƙar ambaliya. Lakar da ta ɓace daga ruwan, tare da kabon ɗin da ke manne da ita, tana can kwance a dausayin Mali.

A irin wannan zango abu biyu ke faruwa. Inda ruwa ya rufe ƙasa babu iskar oksijin, ruɓewa tana yin jinkiri, kabon yana taruwa. Amma kuma akwai ƙananan halittun da ke aiki ba tare da oksijin ba, su kuma iskar mitan suke fitarwa, wadda ta fi kabon dayoksaid riƙe zafi kusan sau 28 a tsawon shekara 100.

A bakin teku: Amazon da Ganga

To a ce ɓarɓashin ya tsallake duk wannan ya iso teku. Shi kenan ya tsira? Ba lallai ba. A mafi yawan manyan bakunan koguna, kusan kashi 70 cikin 100 na kabon na halittun da ya iso yana komawa iska kafin a binne shi.

A bakin Amazon, igiyar teku tana da ƙarfi sosai. Laka ta kwanta, igiya ta tayar da ita, ta sake kwantawa, a sake tayar da ita. Duk juyi ɗaya ana shigar mata da sabuwar oksijin, kamar mai fifita wuta. Bakteriya su samu yadda suke so, su cinye yawancin abin da ke ciki.

Yanzu mu tsallaka nahiyar Asiya. Kogunan Ganga da Barahmaputra suna gangarowa daga tsaunukan Himalaya, su haɗu a Bangladesh, su faɗa Tekun Bengal ɗauke da laka kusan tan biliyan ɗaya a shekara. Wannan laka ta gina wani tuli a ƙarƙashin teku mai tsawon kusan kilomita 3,000, kaurinsa a wasu wurare ya kai kilomita 16. Babu irinsa a duniya.

A 2007, Valier Galy da Christian France-Lanord da abokan aikinsu suka gwada kabon ɗin da ke cikin lakar kogunan da wanda ke cikin lakar da ta riga ta kwanta a ƙasan tekun. Suka tarar kusan babu abin da ya ragu. Dalili? Lakar tana zubowa da yawa da sauri, tana binne ta jiya kafin bakteriya su gama da ita, kuma ruwan yankin ba shi da wadatar oksijin. Ƙiyasinsu shi ne wannan wuri shi kaɗai yana ɗauke da kashi 10 zuwa 20 cikin 100 na duk kabon ɗin doron ƙasa da ake binnewa a tekunan duniya.

Kun ga sirrin kenan: sauri da laka. Ƙwayoyin yumɓu suna manne wa kabon su zame masa garkuwa, saurin binnewa kuma ya raba shi da iska. Amazon ya fi kowane kogi ruwa, amma wajen ajiya ta dindindin, kogin da ke fitowa daga tsauni mai zaizayewa ya fi shi iya aiki.

Shi ya sa ƙananan kogunan tsaunuka suke da tasirin da ya fi girmansu. A tsibirin Taiwan, Robert Hilton ya auna Kogin Liwu, ya buga sakamakon a 2008. Ya gano kashi 77 zuwa 92 cikin 100 na ɓarɓashin tsirrai da ƙasar daji da kogin ke fitarwa, a lokacin ambaliyar guguwar teku yake fitar da shi. Ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya, gefen tsauni ya zaftare da bishiyoyinsa, cikin 'yan kwanaki kaya ya isa zurfin teku. Aikin shekara a yi shi cikin kwana biyu ko uku.

Sai dai tsauni yana bayarwa da hannun dama, yana karɓa da hagu. A cikin wasu duwatsu akwai tsohon kabon na halittun da suka mutu miliyoyin shekaru da suka wuce. Idan zaizaya ta fasa dutsen ta fito da shi, wani sashe yana haɗuwa da oksijin ya koma iska. A 2015 Galy da abokan aikinsa suka ƙiyasta cewa kogunan duniya suna kai wa teku ɓarɓashin kabon na tsirrai da ƙasa kusan tan miliyan 157 a shekara, da kuma na duwatsu kusan tan miliyan 43.

Me ya sa wannan 'yar ajiya ke da muhimmanci?

Saboda ita ce ƙofar fita daga zagayen. Kabon ɗin da ke cikin bishiya aro ne, ko ba jima ko ba daɗe zai koma iska. Wanda aka binne a ƙasan teku kuwa yana iya yin miliyoyin shekaru a can. Kuma duk kabon ɗin da aka binne bai ruɓe ba, oksijin ɗin da ganye ya saki lokacin da ya zuƙe shi tana nan a iska ba a ƙwace ta ba. A tsawon tarihin duniya, wannan binnewa tana cikin abubuwan da suka tara mana iskar da muke shaƙa, tana kuma cikin abubuwan da ke rage zafin duniya sannu a hankali.

Ga wani abu da ya shafe mu kai tsaye. Yankin Neja Delta tulin laka ne da rairayi da koguna suka yi miliyoyin shekaru suna jibgewa, kaurinsa a wasu wurare ya haura kilomita 10. A cikin lakar akwai ragowar tsirran da ruwa ya kwaso daga tudu, tare da na halittun teku. Nauyi da zafin ƙarƙashin ƙasa suka dafa su, suka zama ɗanyen mai da gas. Wato wani sashe na man da ake zuba wa babur yau, ganye ne da kogi ya binne tun kafin a yi ɗan Adam a wurin.

Yanzu ku yi wannan lissafi da ni. A ce duk tan miliyan 157 ɗin nan an binne shi, ko ƙwaya ba ta ruɓe ba, wanda mun riga mun ga ba haka abin yake ba. Mu kuma muna fitar da tan biliyan 10 a shekara, wato kusan tan miliyan 27 a kowace rana. Abin da duk kogunan duniya suka yi shekara suna kaiwa, cikin kwana shida mun fitar da kwatankwacinsa. Don haka kada wani ya ce muku koguna za su share mana hayaƙinmu. Agogonsu na dubban shekaru ne, namu na kwanaki.

Tsohon kabon ya fara farkawa

Nan ne inda abin damuwar yake. Masana suna iya sanin shekarun kabon ta hanyar wani nau'insa da ake kira kabon-14, wanda ke raguwa da rabi duk shekara 5,730. Idan ka ɗebi ruwan kogi ka ga kabon-14 ɗinsa ya yi ƙasa, to tsohuwar ajiya ce ke zuba.

A tsibirin Borneo, ɓangaren Indonesiya, akwai dazuzzukan dausayi da ke zaune a kan tulin ruɓaɓɓen ganye mai zurfin mitoci, wanda ruwa ya hana shi ƙarasa ruɓewa. Aka sare dajin, aka haƙa magudanan ruwa don a busar da wurin a yi noma. Binciken Sam Moore da aka buga a mujallar Nature a 2013 ya nuna cewa kabon ɗin da ke fita ta ruwa daga wuraren da aka taɓa ya fi na dajin da ba a taɓa ba da kusan rabi. Kuma a dajin da ba a taɓa ba sabon ganye ne ke fita, a inda aka busar kuwa ajiyar ɗaruruwa zuwa dubban shekaru ce.

A can arewacin duniya, Saberiya da Alaska da Kanada, akwai ƙasar da ta yi dubban shekaru a daskare, ɗauke da kabon kusan tan biliyan 1,500, fiye da duk wanda ke cikin sararin sama yanzu. Ɗumamar yanayi ta fara narkar da ita, ruwan kuma yana gangarawa manyan koguna irin su Ob, Yenisei, Lena da Mackenzie. A yankin Kogin Kolyma na Rasha, Robert Spencer da abokan aikinsa suka ɗebi ruwan da ke tsiyaya daga narkakkiyar ƙasar, kabon ɗinsa ya haura shekara 20,000. Cikin mako guda bakteriya suka cinye kusan rabinsa. Kamar naman da ya daɗe a firji aka ɗauke wuta. Shi ya sa idan ka tsaya a bakin teku kana aunawa ba za ka ga komai ba, an riga an cinye shi tun a ƙananan rafuka.

Afirka ma tana da tata ajiyar. A 2017 Greta Dargie da Simon Lewis da tawagarsu suka fitar da taswirar wani dausayi a tsakiyar yankin Kogin Kongo, mai faɗin kusan murabba'in kilomita 145,500, ɗauke da kabon kusan tan biliyan 30. Wannan daidai yake da abin da duniya ke fitarwa daga man fetur da gas da kwal cikin shekara uku. Ruwa ne ya rufe shi yake tsare shi. Abin da ya faru a Borneo ya riga ya nuna me zai biyo baya idan aka busar da shi.

A 2025 kuma wani bincike da Joshua Dean na Jami'ar Bristol ya jagoranta, wanda ya tattara awo daga wurare sama da 700 a ƙasashe 26, ya ƙiyasta cewa kusan kashi 60 cikin 100 na kabon dayoksaid da kogunan duniya ke fitarwa daga tsohuwar ajiya yake, ta ƙasa da ta duwatsu. Wato abin da aka gani a Amazon, na sabon ganye, ba shi ne halin duk koguna ba.

Da muka tare kogi

Madatsun ruwa su ma sun sauya tafiyar. Idan ka tare kogi, gudunsa ya mutu, laka ta kwanta a bayan madatsar. Ta wani ɓangaren wannan ajiya ce, ana binne kabon a nan. Ta wani ɓangaren kuma, a ƙasan tafkin da babu oksijin, musamman a ƙasashe masu zafi, iskar mitan ake kerawa. Madatsar Balbina a Brazil, wadda ta fara aiki a 1989, ta nutsar da daji sama da murabba'in kilomita 2,000 don samar da megawat 250 kacal, kuma ta zama misalin da ake bayarwa na madatsar da ke fitar da iska mai ɗumama yanayi da yawa idan aka gwada da wutar da take bayarwa.

Akwai kuma na ƙasan madatsa. Tun da aka kammala babbar madatsar Aswan a Masar a 1970, lakar da Kogin Nilu ke kai wa gonaki da bakin teku ta tsaya a tafkin, teku kuma ta shiga cin gaɓa a bakin kogin. Wutar lantarki da noman rani amfani ne na zahiri, babu mai musu. Amma kowace madatsa tana sauya inda kabon ke tsayawa da kuma sigar da yake komawa iska.

To me za mu ɗauka?

Na farko, idan kuka ji ana cewa daji kaza ya zuƙi kabon kaza, musamman yanzu da ake cinikin wannan lissafi da kuɗi, ku tambaya: an cire wanda ruwa ya tafi da shi? Mai auna iska a saman daji yana ganin abin da ganye ya zuƙa, ba ya ganin abin da ya sulale ta rafi ya koma iska kilomita ɗari a gaba.

Na biyu, tsare tsohuwar ajiya ya fi gina sabuwa sauƙi. Dausayin da ya yi shekaru dubbai yana tarawa, magudanar ruwa ɗaya ta isa ta fara zubar da shi.

Na uku ya fi kusa da gida. Jan ruwan da ke malala daga gona bayan ruwan farko, ba launi kawai ba ne. Saman ƙasa ne, inda takin yake, yake tafiya. Manomi ya yi asarar albarkar gonarsa, madatsar da ke gaba ta cike da laka, wani sashe na kabon ɗin kuma ya koma iska a hanya. Kunya da aka yi a kan gangare, da ciyawa ko bishiyoyin da aka bari a bakin rafi, da karan da aka bari ya rufe ƙasa, duk suna rage wannan zuba.

A nan za mu dakata a shirin na yau. Ga aikin gida: kogi ko rafin da ya fi kusa da ku, wane launi yake yi da damina, wane yake yi da rani? Shayi ne ko kunu? Ku faɗa mana, tare da sunan garinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba, ku huta lafiya.